Baiwar Baba Ndagi

Ranar wata Litinin ce cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, aka laƙaba mini sunan da ya kusa raba ni da boko. Tun asuba ake ruwa, irin ruwan Minna da ba ya jin a ce ya isa, na fita a guje da leda a ka saboda tsoron bulalar makara, na bar kwanon abincina a bakin murhu. Da aka buga ƙarfen tara muka fito, ƙasa ta yi jagab, yara sun yi dandazo a gindin mangwaro wajen masu tallan dafaffiyar gyaɗa, sai na ji ƙararrawar keke daga bakin shinge. Baba Ndagi ne, aminin kakana, ya naɗe ƙafar wando, kwandon kifinsa a baya, ya ɗaga kwanona sama don kowa ya gani. Muryarsa kuwa ba ta neman lasifika. "Ina baiwata, jikar bawana? Zo ki durƙusa ki karɓi ɗumamenki, yau ubangida ne ya yi miki aike!" Filin makaranta ya kwashe da dariya gaba ɗaya, har da malamin da ke tsaye a baranda. Na je na karɓa, shi kuma ya hau kekensa yana murna ya yi abin kirki.

Ba mugu ba ne, wannan sai in faɗa tun da wuri. Kakana Malam Garba tela ne, Bakatsine, mahaifinsa ya biyo aikin layin dogo ya sauka Minna bai ƙara komawa ba. Baba Ndagi kuwa Banufe ne, yana saro bandar kifi daga Wushishi yana kaiwa kasuwa, tun kasuwa tana tsohon wurinta kafin a koma Kasuwar Kure. Katsinawa da Nufawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma duk abin da aka faɗa ba a fushi. Su biyun nan sai suka ɗauki wasan ya zama musu kamar gishiri a miya. Duk ranar da ba makaranta, da hantsi ina zaure ina share ƙyallaye ko ina zura wa Kaka zare a allura, don idonsa ya fara rauni, sai mu ji ƙararrawa. Kaka ko ɗagowa ba ya yi daga kan keken ɗinki, sai ya ce, "Banufe, warin kifinka ya riga ka sallama." Baba Ndagi ya jingine keke, ya fizge hular Kaka ya ɗora a kansa, ya jawo kwanon kokonsa ya shanye, sannan ya fara tambayar rigarsa ta sallar bara da har yanzu wai ba a gama ɗinkawa ba. Ban taɓa jin ɗaya ya ce wa ɗaya ina kwana ba.

Gona ma tare suke da ita, a kan hanyar Gwada, doya suke sawa. Ran Asabar mu yara muke binsu, mu ɗauki iri a kwando, mu kafa sanduna, mu cire ciyawa har hannu ya yi kanta, su kuma suna can suna musu a kan tulin wane ne ya karkace. Shekarar da ƙafar Kaka ta kumbura ya kasa takawa, Baba Ndagi ne ya nome masa rabonsa kaf, yana yi yana zaginsa daga safe har la'asar: "Bawa a kwance, ubangida a gona, duniya ta zo ƙarshe." Da yamma ya zo da man zafi ya murza masa ƙafar da hannunsa. Ni ma a gida ina da nawa rabon wasan. In ya ce baiwata, sai in riƙe ƙugu in ce ni ce uwar ɗakinka, kawo kifina, ya yi dariya har da tari, ya ɓantaro mini wutsiyar kifi. A zauren Kaka kalmar ba ta da ƙaya, don kowa ya san amsarta.

Makaranta kuwa ba zauren Kaka ba ce. Ajinmu akwai 'ya'yan Gbagyi da Yarbawa da Ibo da Hausawa, mafi yawa ba su taɓa jin wai akwai wasa tsakanin Bakatsine da Banufe ba. Kafin a tashi ranar nan sunan ya zaga makaranta. Ladi, ƙawata da muke zama benci ɗaya, ta kama hannuna a hanyar gida, idonta cike da tausayi, ta ce da gurguwar Hausarta, "Hajara, da gaskiya ne an saya kakanka?" Wannan tambayar ta fi dariyar zafi. Amma waɗanda suka fi cutata 'yan unguwarmu ne, Hausawa, waɗanda suka san sarai wasa ne, suka ari bakin Baba Ndagi ba tare da sun taɓa nome wa kowa gona ba. In ranar shara ce, sai su zubar da tsintsiyoyinsu a gabana su ce baiwa ta share. In za mu yi 'yar gala-gala, baiwa ce za ta zana ɗakuna a ƙasa. In carafke ne, baiwa ce za ta tsinto duwatsu. Na gwada amsar da nake ba Baba Ndagi, na ce ni ce uwar ɗakinku, aka ƙara shewa. Ni kuma ba haƙuri ne da ni ba. Wani yaro ya faɗa mini a bakin famfo, na gantsara masa cizo a damtse, aka zane ni a gaban aji, sunan ya ƙara samun gindin zama.

Daga nan ciwon ciki ya fara kama ni kowace safiya, ya sake ni da zarar an wuce lokacin makaranta. Da aka gane, sai in sa yunifom in fita, in laɓe bayan shagon mai niƙa har a tashi, kaina yana amsa ƙarar inji. Abinci ma na daina ci sosai. Umma ce ta tatso zancen daga bakina ranar da take mini kitso, kaina a cinyarta ba hanyar gudu. Ta gaya wa Abba. Abba ma'aikacin sakatariya ne, mai sanyin hali, bai saba ɗaga wa manya murya ba, kuma bai ɗaga ba. Ya jira Baba Ndagi ya dawo daga kasuwa, ya shiga zaure ya durƙusa a gabansa, ina leƙe ta bayan labule. Ya ce, "Baba, alfarma nake nema. Kalmar nan ta bawa da baiwa a bar ta haka. Yaran yanzu ba su san kanta ba, yarinya ta ƙi makaranta." Sai Baba Ndagi ya cire hular Kaka daga kansa, ya ajiye a kan keken ɗinki a hankali, ya ce, "Ban sani ba. Allah ya huci zuciyar Hajara." Ranar na fara jin sunana a bakinsa, kuma ban ji daɗinsa ba.

Kaka ya yi faɗa kamar zai ari baki. Ya ce wasan da ya girmi uban Abba ne yau ɗan boko zai soke, ya ce gobe ma sai a hana su tari. Abba ya bari ya gama, sannan ya ce, "Baba, yarinya ba ta cin abinci." Nan maganar ta tsaya. Abba ya je makaranta ya ga hedimasta, aka ja wa yara kunne a layin safe, hutun ƙarshen zango ya zo, sunan ya bi ruwa. Na koma karatuna lafiya lau, har na fara cin na ɗaya.

Abin da bai dawo ba shi ne zauren. Washegari ƙararrawa ta yi ƙara kamar kullum, Baba Ndagi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Salamu alaikum, Malam Garba, an tashi lafiya? Ya iyali?" Ƙafar Kaka ta tsaya cak a kan keke. Ni dai ban taɓa jin gaisuwa mai sanyi irin wannan ba. Abba kalma ɗaya ya roƙa a bari, amma Baba Ndagi ya tattara wasan gaba ɗaya ya ajiye, ko don kunya, ko don bai san inda zai taka ba kuma. Kaka ya yi ta jan sa. Ya ce masa warin kifi, Baba Ndagi ya ce, "Haka ne, Malam." Ya miƙa masa kwanon koko, ya ce alhamdu lillahi ya karya. Har rigar sallar nan Kaka ya zauna ya gama ya ba shi, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, Kaka ya bi shi da kallo kamar an mare shi. Mutane biyu da suka yi rabin rayuwarsu suna hira, ashe ba su da wata hirar in ba wannan ba. Zama ya koma gaisuwa, gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga kan keke. Gonar ma suka sa iyaka, ba don rigima ba, don dai shirun ya yi musu yawa.

Har yau ban ce na yi laifi ba, kuma ban ce Abba ya yi ba. Ni aka zubar wa tsintsiya, ni na sha ƙarar injin niƙa. Amma abin ya tsaya mini a rai. Duk safiyar da na ji ƙararrawa ta wuce ba ta tsaya ba, na ga Kaka ya ɗaga kai ya mayar, sai in rasa inda zan sa kaina, in ɗauki bokiti in tafi famfo ko da randa a cike take.

Ina sakandare Kaka ya rasu. A al'ada in tsoho ya cika, jikoki da abokan wasa su ne suke rage wa mutane nauyin zuciya, su tsokani mamacin, a yi dariya cikin hawaye. Baba Ndagi ya zo da sanda, ya bar hawa keke, ya bi gawa, ya dawo ya zauna a kusurwar zaure. Dattawa suka yi ta satar kallonsa suna jira ya ce wani abu, bai ce ba. Ranar sadakar uku, da maza suka tashi sallar la'asar, aka aike ni kwaso kofunan kunu, na same shi shi kaɗai, ƙafa ta hana shi saurin tashi, ya dafa keken ɗinkin da aka rufe da zane. Ya ce, "Sannu da haƙuri, Hajara." Na tsaya da kofuna a hannu. Ban shirya ba, bakina ne kawai ya buɗe. Na ce, "Baba, ashe ba ka iya tsaron bawa ba? Ga shi ya gudu ya bar ka." Ya ɗago ya dube ni. Sai dariya ta ƙwace masa, irin ta da, mai tari, hawaye yana bin gemunsa. Ya bugi keken da tafin hannu ya ce, "Ɗan banzan bawa! Ya tsere ko sallama babu, kuma ya tafi da bashin kokon da na yi shekaru ban sha ba!" Muka yi ta yi, shi yana kuka ni ina kuka, har mata suka leƙo. Abin da ya fi cina shi ne, wanda ya fi kowa son jin wannan muryar yana ƙarƙashin ƙasa.

Yanzu ina da 'ya a firamare, babbar ƙawarta Banufiya ce, suna cin abinci kwano ɗaya, ba wadda ta san akwai wani wasa a tsakaninsu, ni kuma ban koya mata ba. Da wani zai tsaya a ƙofar makarantarsu ya kira ta baiwa, wallahi ba zan yi sanyin Abba ba. A wurin aikinmu kwanakin baya wani ya yi wa abokin aiki irin wannan tsokanar a gaban baƙi, aka kira shi aka yi masa faɗa, ni ma na ce ya yi daidai da aka yi masa, don ko gidan mutumin bai sani ba. Duk da haka, in na shiga Kasuwar Kure na bi ta layin masu banda, ƙamshin ya doke ni, sai in rage tafiya ina kasa kunne, ko zan ji wani tsoho ya zagi wani tsoho yana miƙa masa kujera. Kowa sai ina kwana, ina gajiya, a wuce. Mun iya gaisuwa yanzu, amma zauren Kaka bai taɓa yin shiru ba sai ranar da aka fara gaisawa a cikinsa.