Shirun da Mai Raɗa Bai Taɓa Gani Ba

Duk wanda ya taɓa kai wa mahaifina gyaran agogo, to an ba shi matsayi a wasan kwaikwayo, ko ya sani ko bai sani ba. Shagon nasa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene: akwatin gilashi a gaba, fitila a rataye, kujera ɗaya tal. Kana tsaye kana bayanin yadda agogonka ya faɗa ruwa, shi kuwa ɗan tabaron nan na masu gyaran agogo yana maƙale a idonsa na dama, hantsaki a hannu, ko ɗago kai ba ya yi. Sai ka gama, ya ce, "Maimaita." Ka maimaita. Ya gyaɗa kai ya ce, "Kai ne ɓarawon." A gabana ya faɗa wa wani dattijo haka, tsohon hedimasta mai kamala. Bawan Allah ya tafi yana waiwaye, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai Raɗa ake ce masa, kuma sunan yana da dalili. Yana saurayi ya shiga wata ƙungiya mai yin tsofaffin wasannin nan da aka san su a kan dandamali. Bai taɓa hawa dandamalin ba. Aikinsa ya zauna kan wani akwati a bayan labule, idan ɗan wasa ya manta magana ya raɗa masa. Labulen mai kauri ne, don haka duk wasannin da ya haddace da kunne ya sha su. Ƙungiyar ta watse, wasu suka mutu, gara ta cinye takardun. Wasa ɗaya ne ya zauna masa daram a ka: na wani mai kwale-kwale da ya kori ɗansa, ɗan ya daɗe a duniya sannan ya dawo. Burin Baba a rayuwa shi ne a yi wasan nan a rediyo. "Can ne kowa zai zauna a bayan labule kamar ni," in ji shi. Tun muna yara yake tsintar muryoyi, yana raba musu matsayi a ransa. Wannan ya mutu, ya sa wani. Wancan ya tashi daga unguwa, ya yi ta jimami kamar an yi masa sata.

Mu biyu ya haifa, ni da Yaya. Ni ce Auta. Lokacin da Mama ta rasu, Yaya yana kan hanya da babbar motar da yake tuƙawa, a inda waya ba ta shiga. Bai iso ba sai da aka binne ta. Ya shigo falo idanu jawur, ya durƙusa gaban Baba. Baba ya dube shi ya ce, "Tashi ka koma inda ka fito. Ƙofar da ka bari a buɗe, iska ta rufe ta." Daga ranar magana ta ɗauke tsakaninsu.

Gida ɗaya fa! Tebur ɗaya suke cin abinci. Sai ka ji, "Auta, faɗa wa yayanki ya bar famfo yana zuba." Yaya yana nan zaune, gwiwarsa na gogar tawa, ya ce, "Ke, faɗa masa na ji." Ni na zama wayar gidan, ba albashi, ba hutu. Yaya har agogon da Baba ya ba shi ranar da ya samu lasin tuƙi ya tsaya masa a hannu, ya ci gaba da ɗaura shi a haka. Ya ƙi kai wa Baba, ya ƙi kai wa wani. Ka tambaye shi lokaci sai ya ciro waya.

Ana cikin haka Yaya ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, ƙarshen wata zai tafi. Baba kuma ƙirjinsa ya fara ciwo, hawa matakala sai ya huta. Tsorona ɗaya ne, kuma da shi nake kwana nake tashi: kada Yaya ya tafi ba su yi magana ba, wata rana in sake kiran wayar da ba za ta shiga ba.

A saman benen da shagon yake akwai wani ƙaramin gidan rediyo. Wata ma'aikaciyarsu, da muke kira Ta Sama, ta kawo agogonta, Baba ya ce ta maimaita, ita kuma maimakon ta gudu sai ta tsaya ta tambayi dalili. Ta ji labari ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce akwai wata rana da ɗakin ɗaukar murya ba kowa bayan azahar, idan ya tara mutanensa za ta ɗauka. Baba ya dawo gida yana sauri har yana tuntuɓe a bakin ƙofa.

Rabon matsayi aka yi a falonmu, kuma tun daga nan kaina ya kulle. Mahaucin layinmu, ƙato mai wuya kamar turmi, shi aka ba tsohuwa, wai muryarsa siririya ce mai tausayi. Matar da ke sayar da katin waya, 'yar firit da ita, aka ce ita ce alƙali saboda muryarta a dushe take. Hedimasta ya zo karɓar agogonsa aka riƙe shi, ya zama ɓarawo da gaske, yana ta cewa shi fa bai gane inda aka dosa ba. Ni kuwa na riga na sa rai da amaryar ɗan. Me zan ji?

"Ke ce maƙwabciya mai kai gulma."

"Ni, Baba?"

"Kin daɗe kina gwaji," in ji shi, ko murmushi babu.

Na yi tsaki a ciki na haɗiye. Saura uba da ɗa. Kowa ya san yadda za a yi: tsoho ya yi uba, Yaya ya yi ɗa, in ya yarda. Baba ya goge tabaronsa da gefen riga ya ce, "Auta, faɗa wa yayanki shi ne uban."

"Uban wa?"

"Mai kwale-kwale."

"To ɗan fa?"

"Ni ne."

Mahauci ya dubi mai kati, mai kati ta dubi hedimasta. Na ce, "Baba, ko dai ka juya ne?" Ya ce bai juya komai ba, a rediyo ba a ganin furfura. "Muryar yayanki ta yi kauri," in ji shi, "tawa kuwa raɗa ta cinye ta, ta koma ta yaro." Yaya yana jingine da ƙofar ɗakinsa, ya ce, "Ke, faɗa masa ni direba ne." Nan haushi ya turnuƙe ni. Na ce wallahi idan bai shiga wasan nan ba na ajiye aikin saƙo, su nemi wata, ko su riƙa buga wa juna bango. Ya harare ni, amma ya jawo kujera.

Tunda ba takarda, Baba ne ke raɗa wa kowa maganarsa har ya riƙe. Na Yaya kuwa sai ya raɗa mini, ni in faɗa masa, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tsawon hannu ba. Haka muka yi ta yi kullum da yamma, har muka iso inda mai kwale-kwale yake korar ɗansa. Baba ya sunkuyo kunnena ya raɗa. Na ce ya maimaita, ya maimaita. Na juya na dubi Yaya na ce, "Tashi ka koma inda ka fito. Ƙofar da ka bari a buɗe, iska ta rufe ta."

Yaya ya daɗe yana kallona. Can ya yi wata dariya marar daɗi ya ce, "Ashe ma aro ya yi. Ko korar tawa ba da bakinsa ya yi ta ba." Har yau ban san ko wannan ya rage zafin abin ba ne ko ya ƙara. Baba dai ya sunkuyar da kai yana ta goge tabaron da ba abin da ya same shi. Na ɗauka Yaya zai fice. Bai fice ba. Ya miƙe tsaye ya faɗi maganar da ƙarfi, har mahauci ya zabura. Baba ya ce, "Faɗa masa ya yi daidai."

Ana gobe za a ɗauki wasan, Ta Sama ta zo ta saurari gwaji. Aka zo ƙarshe, ɗan ya dawo, Baba ya ce, "Baba, na dawo. Na daɗe a hanya." Ya yi shiru.

"Sai me?" in ji Ta Sama.

"Sai shiru."

"Bayan shirun fa?"

"Sai in ji 'yan kallo suna sharɓe, sai tafi."

"To me uban ya yi da ya sa su kuka?"

Baba ya ce, "Ban sani ba. Ina bayan labule."

Kai jama'a! Mutum ya raini wasa a kansa tun kafin a haife ni, ya tara mu ya hana mu sakat, ashe bai san ƙarshensa ba. Na ce bai taɓa leƙawa ba? Ya ce a daidai nan hannunsa yana kan igiyar labule, idonsa na kan mai fitilu yana jiran alama. Bai tambaya ba? Ya ce wanda kowa ke tambaya, ina zai kai fuskarsa ya ce bai san ƙarshe ba? Kullum sai ya ce gobe, har ƙungiyar ta watse.

Falo ya kaure. Mahauci ya ce rungume shi ya yi, ba shakka. Mai kati ta ce mari ya sha, ita ta san iyaye maza. Hedimasta ya ce a ganinsa tsohon ya riga ya cika a zaune, ɗan yana magana da gawa. Ta Sama ta dafe kai ta ce ko ma mene ne, a rediyo ba a shiru, mutane za su ɗauka batir ne ya mutu su fara dukan akwatin. Baba ya bari suka gaji, sannan ya ce, "Auta, faɗa wa yayanki shi ne uban. Shi ya san abin da zai yi." Yaya bai ce in faɗa masa komai ba.

Ɗakin ɗaukar murya ƙarami ne, an manna soso a bango, ga zafi. Makirfo biyu, jar fitila a saman ƙofa, Ta Sama a bayan gilashi da abin ji a kunne. An ajiye baho da ruwa, mahauci yana motsa shi da hannu don a ji kogi, idan layinsa ya zo ya miƙe ya yi tsohuwa, hannu na ɗiga. Hedimasta ya yi sata da ladabi. Na kai gulmata, kuma ba yabon kai ba, na iya. Yaya ya kori Baba, Baba ya fita daga gaban makirfo ya tsaya a kusurwa fuska a bango.

Aka zo ƙarshe. Baba ya matso. Takun nan biyu sai da ya dafa tebur. Ya ce, "Baba, na dawo. Na daɗe a hanya." A nan maganar take ƙarewa, duk mun sani. Sai na ji ya ja numfashi ya ƙara, "Ƙofar nan ba iska ce ta rufe ta ba. Ni ne."

Mutumin da bai taɓa yarda a canja ko harafi ɗaya a wasan nan ba. Na dubi Ta Sama, ta buɗe hannuwa tana tambayata da ido. Ni ina na sani? Shiru ya yi tsawo. Mahauci ya manta da kogi. Ta Sama ta fara juya yatsa a iska, wai a yi wani abu. Yaya yana tsaye, ni kuwa ban ɗauke ido daga kansa ba, don idan ya juya ya fita, to shi ke nan, sai dai a lahira.

Sai ya kai hannu ya kwance agogon. Ya ajiye a kan tebur, ƙwas, makirfo ya ɗauki ƙarar. Ya ce, "Baba, agogon nan ya tsaya."

Baba ya laluba aljihu, ya ciro tabaronsa. Ya ce, "Kawo in gani." Bai ce Auta ba. Yaya ya ɗauka ya sa masa a tafin hannu, Baba ya haɗa da agogon da hannun ya riƙe. Mahauci ya fashe da kuka da muryar tsohuwa.

Haka aka sa shi a rediyo, don Ta Sama ta ce ba ta san inda za ta yanke ba. Masu sauraro suka yi ta bugo waya. Me ya kawo agogo cikin kwale-kwale? Me ya sa uba yake ce wa ɗansa Baba? Waye ya mutu da tsohuwar take kuka? Hedimasta da kansa ya tare ni a hanya ya ce shi yana ciki amma bai gane ba. Na ce ya yi haƙuri, ni ma haka.

Yaya ya tafi ƙarshen wata, agogo na tafiya a hannunsa. Ranar da ya sauka ya bugo wayar gida. Muna zaune a tebur, na miƙa hannu zan ɗauka kamar yadda na saba, sai Baba ya riga ni. Ya kara a kunne ya ce, "Ka sauka lafiya?" Ya saurara, ya lumshe ido, ya ce, "Maimaita." Ni kuwa na zauna da hannu a miƙe, ba wanda ya aike ni.