Warin ɗakin 'yan tsaki

Tun kafin in sayo 'yan tsakin bana nake tsoron kada warinsu ya shiga ƙirjin jaririyata. Yau na buɗe ɗakinsu, idona ya yi yaji, sai na tuna marigayiya surukata.

Bara ta zo daga Vimtim, ta tarar na toshe musu taga da leda. Ta durƙusa har hancinta ya kusa taɓa ɓuntun shinkafar da na shimfiɗa. Ta damƙo shi, ya dunƙule saboda jiƙa.

"'Yata, ke a tsaye kike shaƙa, su a ƙasa. Kwashe jiƙaƙƙen, ki ba su iska."

Na yi hakan yau, amma jaririyata tana tari, ba wadda zan tambaya. Allah ya haskaka kabarin Inna. Don Allah ku sa mu a addu'a.