Haƙorin Makka da Ludayin Iya Yelwa

Duk wanda ya ci kasuwar Alhamis ta Maigatari a shekarun baya ya san zoɓon Iya Yelwa. Rumfata ta atamfa tana jikin tata shekara goma sha ɗaya, ban taɓa ganin ta auna sukari ba. In ƙanƙara ta narke sai ta kurɓi ludayi ɗaya, ta lumshe ido, ta ce a ƙara citta ko a bar shi haka. Direbobin Damagaram har jarka suke kawowa.

A shekarar casa'in da huɗu Allah ya kira ta Makka. Ta dawo da haƙorin zinariya: an goge nata na sama, an manna masa hula mai walƙiya. Mako guda bakin nan bai rufu ba, ko ba abin dariya sai ta yi, mu kuwa muna ta tsokanarta.

Sai dariya ta ɗauke. Da ruwan randa ya taɓa haƙorin, zugi zai harba mata har ƙwaƙwalwa. Sanyi, tsami, zaƙi, duk ba ya so, alhali su ne sana'arta. Ta daina ɗanɗanawa, ta koma zuba sukari da ka. Yau zoɓo salam, gobe kamar zuma. Masu jarka suka fara wuce rumfarta suna kau da kai.

Ta ƙi gaya wa kowa. A ganinta, kuka da abin da aka samo a ƙasa mai tsarki butulci ne. Wannan taurin kai ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi.

Felicia, wata nas daga Gumel mai sayen zoɓonta, ita ta kama ta dafe da kunci, ta lallaɓa ta zuwa wurin likitan haƙori a Kano. Ya ce gugar ta yi zurfi, gam ɗin bai rufe ba, ƙarƙashin ya ruɓe. Sai dai a cire duka.

Da ta dawo ta zauna a bencina, ta ce, "Murja, in na cire, wa zai san na je?"

Na ce, "Iya, wanda kika je dominsa bai gani ba ne?"

Ta harare ni, ta tashi.

Bayan mako uku ta fito kasuwa da giɓi, zinariyar ƙulle a haɓar zani. Ta haɗa zoɓo yadda ta koma yi, ta tsaya tana kallon ludayi. Ta kurɓa, ta riƙe a baki tana jiran zugi. Bai zo ba. Hawaye suka zubo mata.

Ta share, ta juyo kaina.

"Murja, wata huɗu kina kallo ina sayar wa bayin Allah wannan jan ruwan? Miƙo min citta."