Takunkumin da Aka Sa wa Tamba

Inna Ma'u matar yayan mahaifina ce. Daga Gaya ta ƙasar Nijar aka kawo ta Argungu tana amarya, shekara arba'in da suka wuce, kuma tun daga lokacin sana'arta ɗaya: daka ganyen albasa ta yi gabu ta kai kasuwa. Ba ta taɓa riƙe fasfo ba. Duk shekara takan shiga mota zuwa Kamba, ta tsallaka ta yi wata guda wurin ƙanwarta Tamba, wadda ita kaɗai ta rage mata a dangi.

Da daminar da sojoji suka karɓi mulki a Nijar, shugabanni suka yi ta musayar zafafan kalamai, aka rufe boda. A makon ne aka bugo wa Inna waya cewa Tamba ta kwanta ciwo. Na zo daga Gwadangaji gaishe ta, na tarar ta ɗaure kaya. Abdussamadu direba, maƙwabcinta, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce zai kai ta Kamba, daga nan 'yan kabu-kabu su bi da ita a babur ta hanyar gona.

"Dakata, Audu," in ji ta. "Ga Malama ta iso, mu ji daga bakin masu karatu."

Tun da na gama kimiyyar siyasa a jami'a take kirana Malama. Na sunkuyar da kai na ce takunkumi aka sa.

"Takunkumi? Irin na jaki? Wa anka sa ma?"

"Nijar, Inna."

"Duk ƙasar? Har da Tamba? Ita da ko haƙora ba ta da, mi za ta ci ma mutane?"

Abdussamadu ya yi dariya har ya dafa bango. Ita kuwa ta shiga tunani. A saninta, ana ɗaura wa jaki takunkumi ne in za a ratsa gonar wani da shi, da an wuce sai a kwance ya ci abinci. Ba mai hankalin da zai bar dabba ta kwana da shi.

"Ke nan abin na kwana biyu na," ta ce. "In jira a kwance, in bi hanyar mutunci. Ko ba haka ba, Malama?"

Na karanta labarin ƙasashen da suka shekara goma a cikin takunkumi. Na rubuta jarrabawa a kai, na ci. Amma ga dattijuwa ta yanke magana, ga namiji tsaye yana saurare, kuma ina tsoron a ce ni na tura ta daji sojoji suka tare ta. Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta kwance kayanta.

Bayan nan kullum sai ta sa a kira ni a waya. "Malama, sun shirya?" In ce ana kan tattaunawa. Wata ɗaya, wata biyu. Sau uku ina rubuta abin da zan faɗa mata a takarda, in na kira ta ta ɗaga wayar sai in tsaya a gaisuwa.

Tamba ta rasu da kaka, ana yankan shinkafa a fadama. Wannan karon Inna ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta bi Abdussamadu da safe, kafin la'asar tana zaune a gidan makoki.

Da ta dawo na je yi mata ta'aziyya. Na durƙusa, na buɗe baki, ta riga ni.

"Ashe hanya na nan, Malama. Soja guda munka gani, shi ko ruwa ya roƙe mu."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta matsa ta ba ni wuri a tabarma, ta tambaye ni ko na ci abinci.