Waken da Ya Ci Sunan Kawu

A cibiyar binciken iri ba mai kiranta da sunan yanka. Uwar Wake ake ce mata, ita ma in ta ɗaga waya haka take gabatar da kanta. Ta shigo wurin tana budurwa, yau ga furfura na leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali, kuma aikin bai canja ba: rainon guwa, wani wake mai jure fari da ke fitar da kwanso cunkus a jikin kara.

Ba iri ɗaya take raino ba. Kwalabe ne jere a ɗakin ajiya, kowace da nata hali. Daga nan masu haɗa sabon iri suke ɗibar iyaye, su ɗauki jimirin wannan su haɗa da yawan 'ya'yan wancan. Sai dai ƙwaya ba ta dawwama a kwalba. In ta daɗe, mutuwa take yi shiru, kana ganinta kyakkyawa alhali ba rai. Dole lokaci-lokaci a shuka ta, a girbe sabuwa.

A hukumance kowane iri lamba gare shi. Ita kuwa ba ta iya son lamba ba, sai ta raɗa musu sunayen dangin mijinta a ɓoye. Mai ganyen ƙaiƙayi, wanda ko ƙwaro ba ya yarda ya sauka a kansa, shi ne Gwaggo. Wanda kuma sai kowa ya girbe ya share gona sannan zai fara tunanin yin fure, wannan Kawu ne, kawun mijinta, mutumin da ke isowa wurin taro ana naɗe tabarmi.

Bana ta zuba ƙwayoyin Kawu a jiƙaƙƙen tsumma don gwaji. Kaɗan ne suka tsiro, su ma da ƙyar. Ta san abin da hakan ke nufi: in damina ta wuce ba a shuka shi ba, irin ya tafi, kuma ba ta san wani mai shi ba.

Ta nufi ofishin Shugaba, wanda ita ta koya wa yadda ake buɗe furen wake ba tare da an yaga shi ba.

"Mama, filin gwaji duk na ba Ɗan Gata," in ji shi. Ɗan Gata sabon iri ne, mai saurin nuna da yawan 'ya'ya. "Manoma shi suke jira. Wannan naki ko manomin da ya fi kowa haƙuri ba zai karɓa ba."

"Ban ce manomi ya karɓa ba, ranka ya daɗe. Ɗan Gatan naka duk kamarsu ɗaya. Ranar da cuta ta gane ƙofar ɗaya, ta gane ta kowa. Wurin wa za ka je aron jini?"

"Ki sa shi a firji sai baɗi."

"Firjin da ke aiki in ya ga dama?"

Ya yi dariya, ya ba ta haƙuri, amma bai ba ta ko taku ɗaya na fili ba. Ta ce ba komai, a irin muryar da mijinta in ya ji yake neman takalminsa ya bar gidan.

Tsakar gidanta siminti ne. Na 'yan uwa ma haka. A duk dangi mutum ɗaya ne ke da ƙasa a bayan gida, domin tun yaransa na rarrafe yake shirin gina ɗakin baƙi, har yau yana shirin. Ta ɗauki fartanya, ta tasa mijin a gaba, sai gidan Kawu.

Kawu ya saurare ta yana gyara zaman tabarau. "To, 'yar nan, waken naki yaya sunansa?"

Ta buɗe baki za ta faɗi lamba, mijin ya riga ta. "Takwaranka ne, Kawu. Wai shi ma ba ya zuwa da wuri."

Ta yi masa kallon za mu koma gida. Amma ba ta musa ba.

"Gaskiya ne, Kawu. Na sa masa sunanka. Kuma kamar yadda ake son a yar da shi don jinkiri, ni na ce ba a isa ba."

Kawu ya cire tabarau ya shiga gogewa a tsanake, abin da bai ba kowa mamaki ba. Can ya ce, "Yana zuwa dai, ko?"

"Bai taɓa fashi ba."

"Shuka."

Damina ta yi nisa. Ɗan Gata ya yi fure, ya yi kwanso, aka ɗauke shi hoto, aka girbe. Waken Kawu yana nan kore shar, ganye kawai yake tarawa. Ruwa ya ɗauke. Dangi suka samu abin yi: kowa ya zo gaisuwa sai ya zagaya baya ya tambayi takwara ko ya tashi daga barci. Maƙwabci ya roƙi a bar awakinsa su ci ganyen kada a yi asara biyu. Kawu ya jawo kujerarsa ya ajiye a bakin kunya, ya ce duk akuyar da ke son ganye ta fara ta kansa.

Ita kuwa Uwar Wake kullum ta tashi aiki nan take biyowa, ta durƙusa tana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yarda kowa ya ga tsoronta ba, amma ƙasa ta fara tsagewa, kuma ƙwayar ƙarshe ta juye a ramukan nan. Kwalbar da ke ofis ba komai a cikinta.

Kawu ne ya fara ganin furen, ƙanana, a ɓoye a hammatar ganye. Ya kira ta a waya, sai da ya gama tambayar lafiyar kowa da kowa sannan ya faɗa mata.

Da kwanson ya bushe, ta sussuka da hannunta, ta cika kwalba har wuya, ta dire ta a teburin Shugaba.

Ya juya kwalbar yana kallo. "Mama, a ina?"

"A ƙasar da ba ta ƙarƙashin ofishinka, ranka ya daɗe." Ta ɗauki abarta ta rungume. "Baɗi layin Gwaggo ne. In ba ka ba ni fili ba, ba zan sake zuwa roƙo ba. Mai sunan zan turo maka."