Kwaɗon da ya shiga shirin Mukhtar

Duk mai kai waya gyara a kasuwar Hadejia ya san Mukhtar, ɗan tsamurmurin nan da ba ya iya ɗaure baturi bakinsa a rufe. Surutun ne ya kai shi ga fodkas, shirin hira da ake ɗorawa a intanet. Burinsa ɗaya ne: ya naɗi muryar kakarsa Yakaka, wadda ta tashi a cikin kwalekwalen mahaifinta a fadamar Kirikasamma, ta haddace waƙoƙin masunta. Tsufa ya fara yi mata ɓarna, yau ta tuna baiti, gobe ya gudu. Mukhtar yana tsoro ƙwarai kada su gudu duka.

Matsalar ɗakinsa ne. Siminti ƙasa, siminti bango, kwano a sama. In ya ce assalamu alaikum, ɗakin ne ke fara amsawa. Ya manna kiret-kiret na ƙwai, suka zubo masa a ka. Ya jingine katifarsa a bango, ya koma kwana a tabarma, ƙugunsa ya gaya masa. Ya kwashe zannuwan gadon matarsa Adila ya rataye, ta zo ta kwashe kayanta.

Daga nan sai ya tuno kacalla, ciyawar da ta toshe wa kowa kogi, wadda manomi da masunci suke tsine wa. Ya je ya yanko ta, ya ciko kurar turawa guda, mutane suna tambayar ko ya fara kiwon shanu ne. Da ɗoki ya hana shi shanya ta, a jiƙe ya ɗaɗɗaure ta dami-dami ya jera a bango. Ya tafa hannu. Shiru. Wallahi sai da ya taka rawa shi kaɗai.

Da hantsi ya ɗauko Yakaka, ya zaunar da ita gaban makirfo, ya toshe taga, ya ja ƙofa.

"Kaka, bismilla."

Ta dubi bango, ta dube shi. "Maigidana, tun ban mutu ba ka sa ni a kabari? Ni ba na waƙa a inda babu motsin komai."

Ya lallaɓa, ya yi mata kirari, ya yi alkawarin tsire. Ta ce ita fa kanta wayam yake, ko kalma ɗaya ba ta zo ba.

Ashe akwai kwaɗo a cikin wani dami. Da ya ga duhu sai ya ɗauka magariba ce, ya buɗe maƙogwaro. Wani kwaɗon ya amsa daga bayan ƙofa. Mukhtar ya cire takalmi zai yi kisa.

"Taɓa shi ka gani," in ji Yakaka, tana dariya har ɗankwali ya zame. "Wannan ɗan garinmu ne."

Ta rufe ido, ta fara kaɗa kafaɗa kamar mai tuƙi. Sai ga waƙa. Daga ita sai wata, har da wadda ta ce rabonta da ita tun ranar da aka binne mahaifinta. Mukhtar yana tsaye da takalmi ɗaya a hannu, ya kasa ajiyewa don kada ya yi ƙara, hawaye na bin fuskarsa.

Da ya ɗora shirin, masu saurare sun yi ta ba shi shawarar ya goge kukan kwaɗin. Ya ƙi. Yanzu Yakaka ba ta cika tuna sunansa ba, amma in ya kara mata wayar a kunne, kwaɗon na farawa take kama baitin farko.