Rigunan da Sa'adu Mai Faci Ya Ƙwace

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a hanyar Kance ya san Sa'adu mai faci, ya kuma san ba a kai masa wargi. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, ban taɓa jin dariyarsa ta tsallako ba. A Kano ya koyi sana'ar, lokacin yana saurayi yana zuwa cin rani. Ya dawo Matameye da famfo da ƙarfen ɓare taya da zafin zuciyar da ya ce a can ya samo, ko da yake tsofaffi sun ce da abinsa aka haife shi.

Ɗansa na fari, Nasrullahi, ya shiga soja ba da son uban ba, don Sa'adu ya so ya gaji rumfar. Bara aka aiko da labarin rasuwarsa daga wajen Diffa, gawa ba ta zo ba. Sa'adu ya karɓi gaisuwa, ya koma bakin tayoyinsa.

Sai ga Suhaibu, ɗan wani alhaji mai kantuna a Damagaram. Ko danƙon harbin tsuntsu bai taɓa riƙewa ba, amma yana da wandon sojoji da usur. Ya tara matasa, ya ce kowace Lahadi za a yi gudun motsa jiki don karrama sojojin da suka kwanta dama. Har nan ba laifi. Laifin yana ga rigunan: ya samo hoton Nasrullahi a waya, ya sa aka buga shi a ƙirjin kowace riga, bai tambayi kowa a gidan ba. Tun ranar na tsani yaron nan, kuma ba na ɓoyewa.

Suka fito da sassafe suna gudu, suna rera sunan da uban kansa bai taɓa furtawa ba saboda kunyar ɗan fari. A gaban rumfar suka tsaya, wai girmamawa. Suhaibu ya hura usur, suka kifa ciki suna danna ƙasa suna tasowa. Fuskar mamaci tana goga turɓaya, gumi yana jiƙa ta. Wani ƙato ma ya kama gefen rigar ya share hancinsa. Sa'adu yana kallo daga rumfarsa, riƙe da famfo.

Lahadin da ta biyo baya suka iske tayoyi jere sun tare hanya, Sa'adu yana tsaye a tsakiya da ƙarfensa.

"Ku tuɓe," in ji shi.

Suhaibu ya matso yana murmushi. "Baba, ai karramawa ce. Ɗanka gwarzo ne."

"Ka taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi?"

"A'a, Baba, amma ƙasa ce ta..."

"To tuɓe. Wanda ya wuce nan da fuskar yaron nan a ƙirjinsa, da ƙarfen nan zan yi masa faci."

Suka tuɓe kuwa, suna ƙunƙuni. Gwarazan Lahadi suka watse ta lunguna, daga mai singileti sai mai tumbi a waje. Na ji daɗi har raina.

Sa'adu ya kwashi rigunan ya shiga gida, ya zube su a tsakar gida, ya ɗauko kwalbar fetur da ashana. Ina leƙe ta katanga. Matarsa Batulu ta fito daga madafa, ta dubi fuskar yaron a kan tulin rigunan.

"Maigida, shi za ka ƙona?"

Ya dubi rigunan, ashanar tana hannunsa. In ya kai su bola, awaki za su ja su cikin gari. In ya bayar sadaka, gobe zai ga wani sanye da su. Mutumin da ko hularsa bai taɓa wankewa ba ya ajiye kwalbar, ya ce a ba shi bokiti da sabulu.

Ranar ba a buɗe rumfa ba, masu babura suka yi ta zagi a bakin hanya. Ya tsuguna yana cuɗa su ɗaya bayan ɗaya, in ya zo kan fuskar sai ya sassauta hannu. Kafin azahar igiyar shanya ta cika daga bango zuwa bango, ko'ina ka juya Nasrullahi ne da hular soja. Batulu ta bi igiyar a hankali tana gyara wa kowace riga kafaɗa.